Barcin Matashi Mai Ciwon Sukari

Muna gaida ƴan makarantar manya na birnin Tawa, da na Kalfu, Barmu, Afala, Takanamat, Tabalak, Abalak da Cintabaradan. Manoma da makiyaya, maza da mata, ku matso kusa da rediyo. Mai kaye da alƙalami ya ɗauko su, don akwai lambobin da za mu rubuta.

Yau maganarmu a kan ƴaƴanmu take, samari da ƴan mata masu ciwon sukari, waɗanda ke rayuwa da allura kullum. Da rana kowa na ganin su. Ana ganin abin da suka ci, ana ganin allurar da suka yi. Amma da dare fa? Hausawa sun ce dare mahutar bawa. To, ga yawancin waɗannan yara, dare ba hutu ba ne. Kuma yaron da ba ya samun barci, zuciyarsa ba ta samun sukuni. Wannan shi ne darasinmu na yau.

WANE IRIN CIWO NE?

Ciwon sukari, wanda wasu ke kira diyabet, manyan irinsa biyu ne. Akwai wanda ya fi kama manya, wanda sau da yawa ake sha masa ƙwaya. Akwai kuma wanda ya fi kama yara da matasa. Shi ne namu na yau.

A cikin cikin mutum, bayan tumbi, akwai wata gaɓa da likitoci ke kira pankiriyas. Ita ke yin wani ruwa mai suna insulin. In mun ci tuwo ko mun sha fura, abincin yana zama sukari a cikin jini. Insulin shi ne mabuɗin da ke buɗe ƙofa, sukari ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. A jikin yaro mai wannan ciwo, gaɓar nan ta daina yin insulin. Sai sukari ya taru cikin jini, ya riƙa fita cikin fitsari. Yaro ya yi ta shan ruwa, ya yi ta fitsari, ya yi ta ramewa ko da yana ci.

Ku riƙe wannan da kyau. Ba a ɗaukar ciwon nan wajen wani. Ba shan zaƙi ke kawo shi ba. Ba sammu ba ne. Ba laifin uwa ba ne, ba laifin uba ba ne. Kuma babu ƙwaya, babu sassaƙe, babu jiƙo da ke maye gurbin allurar insulin.

An gano insulin a shekarar 1921 a birnin Toronto na ƙasar Kanada. Mutum na farko da aka yi wa allurar, a watan Janairu na 1922, yaro ne ɗan shekara 14, sunansa Leonard Thompson. Kafin wannan lokaci, yaron da ciwon ya kama ba ya daɗewa a duniya. Yau kuwa, mai yin allurarsa yadda ya kamata yana karatu, yana noma, yana aure, yana haihuwa.

ME YA SA LOKACIN BALAGA YA FI WUYA?

Tsakanin shekara 12 da 18 jiki na girma da sauri. Akwai sinadaran girma da jiki ke fitarwa, galibi cikin dare. Waɗannan sinadarai suna rage ƙarfin insulin. Shi ya sa allurar da ta ishi yaro yana ɗan shekara 10, ba ta isar sa yana ɗan shekara 14. Shi ya sa kuma sukarinsa kan hau da asuba, ko da bai ci kome ba cikin dare.

Iyaye da yawa ba su san haka ba. In aka auna aka ga lamba ta hau, sai a ce yaro ya saci alewa. Sai faɗa, sai zagi. Yaro kuwa ya san bai ci ba. Ranar da aka ƙaryata shi sau ɗaya, sau biyu, sai ya daina faɗin gaskiya. Daga nan ɓarna ke farawa.

Lafiyar matashin nan kamar tukunya ce bisa murhu. Duwatsun murhu uku ne: allura da abinci dutse ɗaya, barci dutse na biyu, kwanciyar hankali dutse na uku. In ɗaya ya goce, tukunya ta tuntsure. Mu kuwa dutse na farko kaɗai muka saba dubawa.

ABUBUWA BIYAR MASU SACE BARCI

Likitoci sun ce matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10 kowace rana. Ku rubuta: 8 zuwa 10. Ga abubuwan da ke hana shi samun su.

Na ɗaya, hawan sukari. In sukari ya yi yawa cikin jini, ƙishirwa da fitsari ba su barin mutum ya kwanta. Ya tashi sau uku, sau huɗu, daga randa zuwa bayan ɗaki. Wani ma, babba da shi, sai ya yi fitsarin kwance. Wannan ba lalaci ba ne, ba ƙazanta ba ce. Alama ce ta cewa insulin bai isa ba.

Na biyu, faɗuwar sukari. Wannan ya fi haɗari cikin gaggawa. Akwai insulin mai gurɓi, wanda ke kama da tsinkakken nono a cikin kwalba. Ƙarfinsa kan kai maƙura wajen awa 4 zuwa 8 bayan an yi shi. In an yi allura bayan magariba, ƙarfinta zai zo ke nan cikin tsakar dare, lokacin da gida duka ke barci. In yaro bai ci tuwon dare sosai ba, ko ya wuni yana noma, ko jan ruwa a rijiya, ko bin dabbobi, ko ya yi kokowa ko ƙwallo da marece, sukarinsa na iya faɗuwa. Sai ya jiƙe da zufa, ya yi mugun mafarki, ya yi ihu, ya riƙa makyarkyata. Wani har ya yi fizge-fizge kamar mai farfaɗiya. Da safe ya tashi da ciwon kai da gajiya.

A ƙauyukanmu, in an ga haka, sau da yawa akan ce iska ta taɓa shi. Sai a ɗauko turare da hayaƙi. Jama'a, ga yaron da ke yin allurar insulin, abin da za a fara tunawa shi ne sukari ya faɗi. Ƙwayar sukari uku na iya tashin sa cikin ƴan mintoci.

Na uku, tsoro. Yaron da sukarinsa ya taɓa faɗuwa cikin dare ba ya mantawa. Sai ya riƙa tsoron rufe ido, yana cewa a ransa: in na kwanta, ko zan tashi? Wani sai ya rage allurar dare a ɓoye, ko ya cika cikinsa da zaƙi don kada sukari ya faɗi. Sai sukari ya hau, fitsari ya hana shi barci. An gudu ba a tsira ba. Uwa ma haka take kwana, kunnenta na wajen numfashin ɗanta.

Na huɗu, fada da shayi da salula. Samari na zama fada har ƙarfe ɗaya na dare. Shayin fada kuwa abu biyu gare shi: sukari mai yawa, da ƙarfin ganye mai kore barci. Haka kofi da goro. Ga kuma salula a hannu, ana dubawa har cikin shimfiɗa. Haskenta da labaranta ba su barin ƙwaƙwalwa ta huta.

Na biyar, zafi. A watan Afrilu da Mayu, zafin Adar kan wuce digiri 40 da rana, ɗaki kuma ba ya hucewa sai dare ya raba. Zafi na hana barci. Yana kuma sa insulin ya bi jini da sauri in an yi allura, yana kuma lalata wanda ke cikin kwalba in an bar ta cikin rana.

YADDA RASHIN BARCI KE TAƁA ZUCIYA

Mutumin da bai yi barci isasshe ba, insulin ba ya aiki sosai a jikinsa washegari. Sai sukari ya hau. Ga yunwa, ga kwaɗayin zaƙi, ga saurin fushi. A lakwal yaro ya yi ta gyangyaɗi, malam ya ce malalaci ne. A gona ya kasa gama kunya ɗaya, uba ya ce raggo ne. Ransa ya ɓaci. Mai ɓacin rai kuwa ba ya kula da allura. Allura ta wuce, sukari ya ƙara hawa, dare ya sake lalacewa. Haka abin ke zagayawa, kamar raƙumin da ke juya dutsen niƙa.

Ban da wannan, akwai kayan da matashin nan ke ɗauke da su a zuciya. Yana jin kunyar yin allura gaban abokai. Yana jin ana maganar kuɗin magani, sai ya ga kamar shi ne ya talauta gidan. Tun 2006 aka kafa ba da magani kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 a ƙasarmu, amma matashi ya wuce wannan shekara. A gidaje da yawa na Adar, uba ya tafi biɗa Abijan, ko Libiya, ko Najeriya, uwa ce ke fama ita kaɗai. Yarinya kuma tana jin mata na raɗa, wai wa zai auri mai allura? In azumi ya zo, kowa na yi, shi an hana shi, sai ya ga kamar shi ba cikakken mutum ba ne.

Wannan nauyi ba a Adar kaɗai yake ba. A ƙasar Suwidin, inda insulin ba ya yankewa, masana sun bi labarin yara sama da dubu 17 masu wannan ciwo. Sun fitar da sakamakon a shekarar 2015. Sun ga cewa cikin wata 6 na farko bayan an gano ciwon, larurar da ta shafi hankali da zuciya ta ninka sau uku a cikinsu, in an gwada da sauran yara. A tsawon shekaru kuma ta ninka sau biyu. Ke nan ba raunin imani ba ne, ba rashin tarbiyya ba ne. Ciwon ne ke da nauyi. Ku lura kuma: watannin farko su ne suka fi bukatar a tsaya kusa da yaro.

ALAMUN DA ZA A LURA DA SU

Labarin zuciya a tambayi fuska. Ga abin da uwa da uba za su duba:

Yaro ya daina fita wajen abokai, ya daina abin da yake so da.
Yana kuka ko fushi ba dalili.
Ba ya barci, ko kuwa yana wuni kwance.
Ya daina cin abinci, ko ci ya yi yawa.
Karatunsa ya koma baya.
Yana ƙin allura, ko yana ɓoye lambar da aka auna.
Yana cewa: ni ba ni da amfani, na zame muku kaya.

In waɗannan alamu sun kai sati biyu ba su gushe ba, wannan ciwon baƙin ciki ne. Ciwo ne kamar sauran ciwo, kuma yana da magani. Ba hauka ba ne. A kai yaro gidan likita, a faɗi abin da aka gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

In kuwa yaro ya ce gara ya mutu ya huta, kada a ce wasa yake, kada a tsawata masa. Kada a bar shi shi kaɗai. Babba ya karɓi kwalbar insulin ya adana, a riƙa yin allura gaban idonsa. A kai shi likita ranar nan, ba gobe ba.

ME ZA MU YI A GIDA?

Na farko, a raba tsaron dare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada matashin ya kwana shi kaɗai. Wa, ko ya, ko kaka, wani ya kwana kusa da shi, wanda ya san alamun faɗuwar sukari. Kada kuma a bar wa uwa aikin kullum. Yaron da ya san akwai mai jin motsinsa, tsoro na sakin sa, barci ya zo.

Na biyu, a ajiye sukari da ruwa da tocila a bakin shimfiɗa, kowane dare.

Na uku, kada a yi allurar dare a kwana da yunwa. Ranar da aka yi aikin ƙarfi ko wasa da marece, a ƙara ɗan abinci kafin kwanciya: ɗan tuwo, ko fura da nono ba sukari, ko ƙosai.

Na huɗu, in akwai na'urar awo, a auna kafin kwanciya. Ga lambar da za ku rubuta: 70. A takardar likita wani lokaci akan rubuta ta 0,70. Duk abu ɗaya ne. Ƙasa da 70, sukari ya faɗi. In kafin kwanciya lamba ba ta kai 100 ba, a ci wani abu. Jefi-jefi a auna wajen ƙarfe 2 ko 3 na dare, musamman in likita ya sake yawan allura.

Na biyar, lokacin kwanciya ya zama ɗaya, lokacin tashi ya zama ɗaya. Ba a hana saurayi zuwa fada ba, don zama da abokai shi ma magani ne. Amma ya je da wuri, ya dawo da wuri. Bayan la'asar ya bar shayi da kofi. Salula ta kwana nesa da kai. Ya kuma samu aboki ɗaya amintacce wanda ya san ciwonsa, wanda zai ba shi sukari in ya ga ya rikice.

Na shida, a adana insulin da kyau, ko babu firigo. A shekarar 2021, ƙungiyar likitoci ta MSF da jami'ar Janeba sun nuna cewa kwalbar da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta har sati huɗu, a wurin da zafi ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Zafinmu kan wuce haka. Don haka a sa kwalba cikin ƙaramar tukunyar ƙasa, a sa ta cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye cikin inuwa inda iska ke bi. Kada ruwa ya taɓa bakin kwalbar.

Na bakwai, a gyara harshe. Maimakon uba ya ce: me ka ci kuma? Sai ya ce: ɗana, yaya ka kwana? Yaro ya ce: Baba, na tashi sau huɗu. Uba ya ce: to, ba laifinka ba ne, bari mu rubuta mu nuna wa likita. Maimakon uwa ta ce: kin ishe ni, sai ta ce: ɗiyata, me ke damun ki? Ta yi shiru ta saurara, ko da amsar ba ta zo ranar nan ba.

Game da azumi kuwa, likitoci sun ce yana da haɗari babba ga mai allurar insulin, addini kuma ya yi wa marar lafiya sauƙi. Kafin watan ya kama, uba ya kai ɗansa wajen likita da wajen malam, yaro ya ji da kunnensa. Hakan ya fi a hana shi da tsawa.

IN ABU YA FARU CIKIN DARE

In yaro na zufa, yana rawar jiki, amma yana iya haɗiya: a ba shi ƙwayar sukari uku, ko babban cokali ɗaya na sukari ko zuma cikin ɗan ruwa. A jira minti 15. In bai warware ba, a sake. In ya warware, a ba shi abinci.

In ya suma, ba ya iya haɗiya: kada a ɗura masa ruwa, don zai shaƙe. A kwantar da shi bisa gefensa. A shafa ɗan zuma ko jiƙaƙƙen sukari a cikin kumatunsa. A nemi amalanke ko mota, a kai shi likita nan da nan.

In kuwa yana amai, cikinsa na ciwo, yana jan numfashi mai zurfi da sauri, bakinsa na wani wari kamar na ɗan itacen da ya nuna ya wuce: wannan rashin insulin ne, kuma yana kisa. A tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Ko zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro, ko ba ya iya ci, ba a tsayar da insulin sai da shawarar likita.

AMFANIN KARATUNKU

Ƴan'uwa, ga inda karatunku zai yi rana. Ku samu kaye ɗaya. Ku ja layi biyar. Layin farko, kwanan wata. Na biyu, allurar da aka yi da lokacinta. Na uku, lambar awo in akwai. Na huɗu, sau nawa yaro ya tashi cikin dare. Na biyar, yadda ransa yake: fari ko baƙi. Ku bar yaron ya rubuta na biyar da hannunsa.

Ku kai kayen nan gidan likita na CSI mafi kusa, ko asibitin gunduma, ko babbar asibitin jihar da ke Tawa. Mai zuwa kasuwar Tawa ran Lahadi daga ƙauye, ya lura da abin da ya rage a kwalba kafin ya taso, kada insulin ya ƙare a tsakiyar sati. Likita na ganin yaro minti kaɗan ne. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Da abin da kuka rubuta likita zai gane ko ya rage allurar dare, ko ya ƙara, ko ya sake lokacinta. Kada ku sake da kanku. Kuma kada ku sayi ƙwayar barci ko tiramol wajen masu talla. Ƙwayar barci na iya hana yaro farkawa lokacin da sukarinsa ya faɗi.

Ranar 14 ga watan Nuwamba ta kowace shekara ita ce ranar ciwon sukari ta duniya. Amma a gidan da ke da irin wannan yaro, kowane dare ranarsa ce.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A MAKARANTA

1. Awa nawa matashi ke bukata na barci?
2. Wace lamba ke nuna sukari ya faɗi?
3. Me za a ba yaron da ke zufa da rawar jiki cikin dare? Me ba za a yi ba in ya suma?
4. Ku faɗi alamu uku na ciwon baƙin ciki.
5. A garinku, wa zai iya kama wa uwar da mijinta ya tafi biɗa tsaron dare?

Malamai, ku rubuta waɗannan tambayoyi a allo. Ɗalibai, ku kai abin da kuka ji gida, ku faɗa wa maƙwabta. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya raya mana zuri'a. Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.